Civita, Ƙauyen da Ƙasa Ke Ci

A tsakiyar ƙasar Italiya, kimanin mil 75 arewa da birnin Rum, cikin lardin Viterbo, akwai wani ɗan ƙauye wanda a ke kira Civita. Yana gabas da tafkin Bolsena, kudu da birnin Orvieto, yamma da Kogin Tiber. Cikakken sunansa Civita di Bagnoregio, watau Civita ta Banyorejo, domin a ƙarƙashin hukumar garin Banyorejo ya ke, tsakaninsu kuwa kamar mil guda ne.

Ƙauyen yana bisa ƙwanƙolin wani tsauni ne shi kaɗai, kwazazzabai sun kewaye shi ta kowane gefe, ba shi da mashiga sai wata siririyar gada wadda mota ba ta hawa. Da sassafe lokacin sanyi, in hazo ya cika kwarin, sai a hangi gidajen kamar suna rataye a sararin sama. Mutanen da ke kwana cikinsa shekara duka ba su kai ashirin ba. Amma fa dā gari ne sosai, mai ƙofofi biyar, da manyan gidaje, da babban limamin Kirista wanda a ke kira Bishop. Yaƙe-yaƙe sun bi ta kansa, annoba ta bi, duk ya tsira. Abin da ya ƙarar da shi yana nan ƙarƙashin ƙafafun mutanensa.

Yadda tsaunin ya samu

Masana ilmin ƙasa sun ce tun can kafin ɗan Adam ya taka wurin, teku ce ta rufe wannan yanki duka. Da ta janye, sai ta bar yumɓu mai kauri ƙwarai a shimfiɗe. Daga baya duwatsu masu aman wuta suka taso wajen yamma, inda tafkin Bolsena ya ke yanzu, gama shi kansa tafkin ramin da ƙasa ta rufta ne bayan aman. Suka yi ta fesa toka da tsakuwa mai zafi shekara da shekaru. Tokar ta zuba bisa yumɓun, ta daskare, ta zama wani irin dutse ja-ja mai taushi, wanda Italiyawa ke kira tufo. Sashen da ke can bisa duka, wanda gidajen Civita ke kai, ya fi shekara dubu ɗari uku da zuba.

To, ga dutse a sama, ga yumɓu a ƙasa, ga kuma rafuka biyu suna gudu a gindin tsaunin, ɗaya ta wannan gefe, ɗaya ta wancan. Sunan ɗaya Rio Chiaro, watau rafi mai ruwa garai-garai, ɗayan kuwa Rio Torbido, watau rafi mai gurɓataccen ruwa. A Italiya da sanyi a ke ruwan sama, da zafi ƙasa ta bushe. In ruwa ya sauka sai yumɓun ya jiƙe ya kumbura, in zafi ya zo ya bushe ya tsattsage, ruwa na gaba kuma ya wanke shi zuwa rafi. Rafukan su ma ba su zauna ba, kullum suna ƙwaƙular gindin tsaunin. In yumɓun da ke tallafe da dutsen ya zaizaye, sai bakin dutsen ya rasa abin dogara, ya tsage daga sama har ƙasa. Bango kuwa in ya tsage, ƙadangare ya sami wurin shiga: ruwa ya kutsa cikin tsagar, saiwar itace ta bi, ƙanƙara ta buɗa ta. Ran nan sai ɓangare guda ya ɓalle ya gangara kwari, tare da duk abin da aka gina a kansa. Daga nan sabon baki ya fito fili, aikin ya sake somawa.

Mutanen farko

Waɗanda suka kafa garin su ne Etruskawa, wata al'umma da ta yi ƙarfi a tsakiyar Italiya tun Rum ba ta zama kome ba. Yau fiye da shekara 2,500 ke nan. Dalilinsu na zaɓen wurin a fili ya ke. Tsauni ne mai wuyar hawa, mutum kaɗan sun isa tsaronsa, kuma yana kan hanyar fatake da ta taso daga Kogin Tiber zuwa tafkin Bolsena. Har wa yau dutsen mai taushi ne, da gatari a ke sara shi. Suka fafe shi suka yi kaburbura, da rumbuna, da rijiyoyin tara ruwa. Suka huda wani dogon rami wanda ya ratsa tsaunin daga cikin gari ya ɓulla kwari, yana nan har yanzu, a na kiransa Bucaione. Tsarin titunan ƙauyen ma, watau babban titi ɗaya daga yamma zuwa gabas da ƙananan lunguna suna gitta shi, tun na zamaninsu ne da na Rumawa.

Etruskawa sun gane halin ƙasar da suka zauna a kai. Saboda haka suka haƙa magudanai don ruwan sama ya bi hanyar da aka nufa, kada ya kwarara ta bakin tsauni, suka kuma gyara gaɓar rafuka. A shekara ta 264 kafin haihuwar Annabi Isa Rumawa suka ci babban birnin Etruskawa na wannan yanki, inda Orvieto ta ke yanzu, ƙasar duka ta koma hannunsu. Rumawa gwanayen aikin ruwa ne, suka ci gaba da kula da magudanan. Amma da mulkin Rum na yamma ya faɗi a shekara ta 476, sai aikin ya rasa mai shi. Magudanai suka toshe, manoma suka sare itatuwan gangare don su sami gonaki, masu gidaje kuma kowa ya yi ta faɗaɗa kogon da ke ƙarƙashin gidansa. Ba wanda ya ga ɓarnar a zamaninsa, amma yau da gobe shi ya sa allura ginin rijiya.

Suna da sarauta

A na ba da wani labari game da sunan garin. An ce Desiderius, sarkin Lombardawa na ƙarshe, ya kamu da ciwo, ya yi wanka a wata maɓuɓɓuga mai zafi a nan kusa, ya warke, sai ya sa wa wurin suna Balneum Regis, watau Wurin Wankan Sarki da harshen Latin. Labarin da daɗin ji, amma lissafi bai goyi bayansa ba, gama sunan ya fito cikin wata wasiƙa ta Paparoma Gregori Babba wajen shekara ta 600, Desiderius kuwa sai bayan shekara ɗari da hamsin ya yi sarauta. Wasiƙar ta kuma nuna tun a lokacin garin ya isa a naɗa masa Bishop. Sunan ya lanƙwashe a bakin mutane ya zama Bagnorea, sai a 1922 aka mai da shi Bagnoregio.

A wancan zamani garin unguwa biyu ne bisa doron tudu ɗaya. Civita ita ce cikin gari, inda masu mulki da babbar majami'a su ke. Rota ita ce ta waje, ita ce kuwa ta zama Banyorejo ta yanzu. Tsakaninsu akwai hanya mai faɗi da kasuwa, mutum ya kan tafi da jakinsa daga wannan zuwa waccan ba hawa ba gangara mai wahala.

Bayan faɗuwar Rum garin ya yi ta sauya iyayengiji. Gotawa suka riƙe shi, sa'an nan Rumawan Gabas, sa'an nan Lombardawa. A shekara ta 774 Sharlaman, sarkin Farankawa, ya ci Desiderius da yaƙi, wannan yanki ya shiga cikin ƙasar Paparoma, a cikinta kuwa ya zauna har 1870, sa'ad da ya haɗu da sauran Italiya. A ƙarni na 12 mutanen garin suka kafa majalisarsu, suna tafiyar da al'amuransu da kansu. Amma maƙwabciyarsu Orvieto ta fi su ƙarfi, wani babban gida na can mai suna Monaldeschi ya ɗora musu hannu, ya matsa musu ƙwarai. Da tura ta kai bango, a 1457, sai suka tashi gaba ɗaya suka rushe kagarar Monaldeschi da a ke kira Cervara, suka kori mutanensu. Don tunawa da wannan rana aka sassaƙa zakoki biyu a jikin ƙofar gari, kowane ya danne kan mutum da daginsa.

Babban malamin garin

Mutumin da ya fi kowa ɗaukaka sunan Civita shi ne Bonabentura. An haife shi a nan tsakanin 1217 da 1221, sunansa na yanka Giovanni. Shi da kansa ya rubuta cewa yana yaro ya yi ciwo har aka fid da rai, ya kuwa tashi ta albarkacin Waliyyi Faransis na Assisi. Da ya girma ya tafi birnin Paris neman ilmi, ya shiga ɗariƙar Faransis, ta masu gudun duniya, ya zama malami a jami'ar Paris zamani ɗaya da Toma na Akwino. A 1257 aka zaɓe shi shugaban ɗariƙar duka, lokacin da 'yan ɗariƙar ke jayayya a kan iyakar talaucin da ya wajaba a kansu. Ya yi ƙoƙari ƙwarai wajen haɗa kansu, ya kuma rubuta tarihin Faransis wanda ɗariƙar ta amince da shi. A 1273 Paparoma ya naɗa shi Kadinal, ya rasu a birnin Lyon na Faransa a 1274, a na tsakiyar wani babban taron shugabannin addini. A 1482 aka sa shi cikin waliyyan Katolika.

Littattafansa suna nan a na karantawa, amma gidan da aka haife shi bai tsira ba. Yana bakin tsauni ne, an ma mai da sashensa majami'a don girmama shi, duk da haka ƙasa ta ci shi kaɗan kaɗan. Abin da ya rage sai ɗan kufai a gefen rami.

Girgizar ƙasa ta 1695

Ran 11 ga Yuni, 1695, aka yi wata babbar girgizar ƙasa a wannan yanki. Gidaje suka rushe, mutane suka mutu, babbar majami'a ta tsage, wata unguwa da a ke kira Carcere ta zabtare zuwa kwari, hanyar da ta haɗa Civita da Rota kuma ta lalace. Wannan ita ce ranar da ƙarfin garin ya karye. A 1699 aka ɗauke kujerar Bishop aka kai Rota. Inda Bishop ya tafi kuwa, nan ma'aikata da masu dukiya suka bi, masu sana'a suka bi masu dukiya. A 1764 ƙasa ta sake motsi, wani sashe na hanyar ya sake ruftawa. Kowace shekara doron tudun nan da ke tsakanin unguwannin biyu yana ƙara sirancewa, yana ƙara yin ƙasa, har Civita ta koma kamar tsibiri, ba ruwa kewaye da ita sai iska. Ƙofofi huɗu daga cikin biyar suka tafi tare da unguwanninsu. Aka bar talakawa manoma, waɗanda ba su da halin gina wani gida a wani wuri.

An yi gada ta dutse a inda hanyar ta yanke. A watan Yuni na 1944, cikin Yaƙin Duniya na Biyu, sojan Jamus suna ja da baya suka fasa ta, mutanen ƙauyen kuwa suka ɓuya cikin koguna da ramin Bucaione, watau aikin Etruskawa ya yi musu rana bayan shekara dubu biyu da ɗoriya. Shekaru bayan yaƙin da kadarkon katako a ke ƙetarewa. Sai a 1965 aka buɗe gadar kankare wadda a ke bi yanzu. Amma a lokacin samari sun riga sun soma tafiya birane neman aikin albashi, gadar da aka yi don a riƙa shiga sai ta zama hanyar fita. Wani marubuci ɗan Banyorejo, Bonaventura Tecchi, wanda ya rasu a 1968, shi ya laƙaba wa ƙauyen sunan da ya bi shi har yau, watau garin da ke mutuwa.

Abin da baƙo zai gani

Baƙo ya kan fara tsayawa a ƙarshen Banyorejo, a wani dandali na hange. A nan ƙarƙashinsa akwai wani kogo, asalinsa kabarin Etruskawa ne, mutanen wurin suna cewa a cikinsa aka yi wa yaro Bonabentura addu'a ya warke. Daga nan sai ya gangara ya hau gada. Tsawonta kamar yadi 330 ne, tana bisa dogayen ginshiƙai, ƙarshenta kuwa hawa ne mai sa haki. Kaya dā a kan jakuna a ke shiga da su, yanzu kuwa da babura da 'yan ƙananan motocin noma.

Ƙofar da ta rage ita ce ta Santa Maria. Cikinta Etruskawa ne suka sara a jikin dutse, fuskarta kuwa ginin baya ne, ga zakokin nan biyu suna gadi. A bangon zauren akwai ƙananan alamun gicciye da aka karta, an ce masu ziyarar ibada ne suka bar su. Kusa da ƙofar akwai fuskar wani gidan mai dukiya, da ƙofarsa da tagoginsa, amma wanda ya ɗaga kai ya dubi tagogin sai ya ga sararin sama ta cikinsu, gama ɗakunan da ke baya sun daɗe a kwari.

Tafiya kaɗan sai dandalin gari, wanda har yanzu ƙasa ce a shimfiɗe, ba a daɓe shi da dutse ba. A gabansa majami'ar San Donato ta ke, wadda ta kasance ta Bishop har 1699. An ce a gurbin wani ɗakin tsafi na zamanin dā aka gina ta, ga guntayen tsofaffin ginshiƙai nan tsaye a bakinta. An sabunta fuskarta a ƙarni na 16. A ciki akwai wani gicciye na itace, aikin ƙarni na 15, wanda mutanen wurin ke girmamawa ƙwarai. A gefen dandalin kuma akwai wani tsohon gida na zuriyar Alemanni, inda aka buɗe gidan nuni a 2012, ba na kayan sarauta ba, na duwatsu da zabtarewar ƙasa. A nan a ke nuna wa baƙo taswirorin garin na zamani daban-daban, ya ga yadda ya yi ta ƙanƙancewa.

Gidajen duk da tufo aka gina su, har da wuya a gane inda tsauni ya ƙare gini ya soma. Da yawansu suna da matakala ta waje wadda ta hau zuwa bene, irin ginin ƙasar Viterbo, an jera tukwanen furanni a kai. Ƙarƙashinsu akwai koguna inda dā a ke ajiye ruwan inabi da dabbobi, a waɗansu kuma har yanzu akwai dutsen niƙa wanda jaki ke juyawa a matse man zaitun. Kowane lungu mutum ya bi, ba zai yi nisa ba sai ya ƙare a bakin rami. Daga ƙarshen gabas a na hangen kwarin da a ke kira Calanchi, inda ruwa ya sassaƙe farin yumɓu ya bar shi tsini-tsini kamar bakin wuƙa, ko ciyawa ba ta iya kama shi. Akwai wani siririn doro a can mai suna Ponticelli, wanda manoma ke bi dā zuwa gonakinsu, yanzu ya zaizaye ba ya biyuwa.

Sau biyu a shekara, ran Lahadi ta farko a watan Yuni da Lahadi ta biyu a watan Satumba, a kan yi sukuwar jakuna kewaye da dandalin, a na kiranta Tonna. Jaki kuwa ko'ina halinsa ɗaya, wani ya kafe a tsakiyar fili, wani ya juya baya, 'yan kallo su yi ta dariya.

Civita a yau

Tun wajen 1960 waɗansu baƙi suka fara lura da ƙauyen. Cikinsu akwai Astra Zarina, wata masaniyar fasalin gini, haifaffiyar Latbiya, mai koyarwa a Amurka, wadda ta gyara tsofaffin gidaje da dama bisa tsarinsu na asali, ta riƙa kawo ɗalibanta, ta zauna nan har ta rasu a 2008. A 2006 wata ƙungiya ta duniya mai kula da tsofaffin gine-gine ta sa Civita cikin wurare ɗari da ke bakin halaka. Injiniyoyi kuma suka shiga aiki. A gefen arewa sun haƙa manyan rijiyoyi cikin dutsen, sun ɗaure su da kankare, daga cikinsu sun soka dogayen sandunan ƙarfe don su riƙe ɓangarorin da suka tsage, ruwan da ya shiga dutsen kuma ya sami mafita. In an duba, aikin Etruskawa ne aka koma wa, sai dai da kayan zamani.

A 2013 hukumar Banyorejo ta sa kuɗin shiga, yuro ɗaya da rabi ga kowane baƙo, daga baya aka ƙara har ya kai yuro 5. Maimakon kuɗin ya kori mutane, sai ya ƙara jawo su. A 2019 masu ziyara sun kai kimanin miliyan ɗaya, daga Turai da Amurka da Sin da Japan. Kuɗin ya sa hukumar ta yafe wa mutanenta waɗansu haraji na gari, samari da yawa kuma sun sami abin yi a gida. A 2021 gwamnatin Italiya ta gabatar da sunan Civita ga hukumar UNESCO don a sa ta cikin wuraren tarihi na duniya. Ashe sunan nan na mutuwa shi ne ya zama jarin garin.

Duk da haka ba kome ne kuɗi ya gyara ba. Ƙarfe da kankare suna jinkirta zabtarewa ne kawai, muddin a na ruwan sama yumɓu zai ci gaba da narkewa, kowane zamani kuma sai ya sake biyan kuɗin riƙe tsaunin. Sa'an nan yawancin gidajen sun zama masaukin baƙi, da wuraren cin abinci, da gidajen hutu na masu hali daga Rum da ƙasashen waje. Ba makaranta a ƙauyen, ba kantin magani. Da rana lunguna cike su ke har ba wurin ratsawa, da dare kuwa kyanwoyi sun fi mutane yawa.

Amma akwai wata al'ada da ta nuna zuriyar waɗanda suka ƙaura ba su saki wurin ba. Kowace shekara, daren Jumma'ar da ke kafin bikin Ista, a kan sauko da gicciyen nan na San Donato, a ɗauke shi a kafaɗa a ƙetare gada da shi zuwa Banyorejo, a zaga gari. Bisa ga abin da aka gada daga kakanni, tilas a komar da shi Civita kafin sha biyun dare, in ba haka ba ya zama na Banyorejo. Bishop ya tafi tun 1699, kasuwa ta tafi, makaranta ta tafi, amma wannan ɗaya ba a yarda ya kwana waje ba. Kafin ƙararrawa ta buga, masu ɗauka sun riga sun juyo, suna hawan gada cikin duhu da kayansu a kafaɗa.